Taurin bayan gida ga ƙananan yara: tambayoyi da amsoshi kan madara, madadinta da sauya abinci

Lokacin da 'yata ta kai shekara biyu, sai ta tsiri wata ɗabi'a. Za ta sulale ta laɓe a bayan kujera, ta ɗage kan yatsun ƙafa, ta matse cinyoyinta, ta ƙanƙame hannun kujerar har zufa ta tsattsafo mata a goshi. Na daɗe ina zaton yunƙurin fitar da kashi take yi, har ina ce mata ta ƙara nishi. Ashe riƙe shi take yi da duk ƙarfinta, don ta taɓa jin zafin fitarsa kuma ba ta manta ba. Daga nan na shiga tambaya da karatu, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na ga iyaye sun fi maimaitawa. Maganar ta shafi yara daga shekara ɗaya zuwa kamar huɗu. Jaririn da bai cika shekara ba hukuncinsa daban ne, shi sai dai likita.

Kwana nawa yaro zai yi bai yi kashi ba kafin a ce akwai matsala?

Kada ku tsaya kan lissafin kwanaki kaɗai, ku dubi yadda kashin yake da yadda yake fita. Yaron da ke yi duk bayan kwana biyu, mai laushi, ba kuka, lafiyarsa ƙalau. Wanda ke yi kullum amma ƙanana masu tauri kamar na akuya, yana da taurin bayan gida. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, wanda aka sabunta a 2016 da sunan Rome IV, ya ce a yaron da bai kai shekara huɗu ba, idan alamomi biyu suka haɗu na tsawon wata guda, to matsalar ta tabbata. Daga cikinsu akwai yin kashi sau biyu ko ƙasa da haka a mako, riƙe kashi da gangan, jin zafi wajen yi, da fitar kashi mai kauri fiye da kima. Akwai kuma wani jadawali da aka fitar a birnin Biristol na Ingila a 1997, wanda ya kasa kashi gida bakwai. Na ɗaya da na biyu su ne masu tauri, na uku da na huɗu ake nema.

Me ke haddasa shi tun farko?

A mafi yawan yara, kusan 95 cikin ɗari, babu wata cuta a ƙarƙashi. Abin yakan faro ne daga kashi guda mai tauri, wataƙila bayan zazzaɓi ko tafiya ko sauyin abinci. Ya fita da zafi, wani lokaci har ya ɗan tsaga bakin dubura. Yaro ya tsorata, gobe da ya ji kashi sai ya riƙe. Aikin babban hanji kuwa tsotse ruwa ne, don haka duk daɗewar kashi a ciki, ƙara bushewa yake yi da girma. Ranar da ya fita dole, zafinsa ya fi na baya, tsoro ya ƙaru. Haka abin ke ta juyawa. Shi ya sa matsalar ta fi kunno kai a lokacin da aka sauya wa yaro madara bayan shekara ɗaya, da lokacin koya masa zama a fo, da lokacin fara makaranta.

Da gaske ne madarar shanu na taurara kashi?

Tana iya yi, ta hanyoyi biyu da bai kamata a cakuɗa su ba.

Ta farko, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce yawan sha. Madara ba ta da harza ko kaɗan, wato wannan ɓangaren na tsirrai da jiki ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya ba kashi laushi. Cikin ɗan shekara biyu ƙarami ne. Idan ya wuni da kofin madara a hannu, ya ƙoshi, ya ture abinci, to babu abin da zai tura hanjin. Wannan yaron kuma yana cikin haɗarin ƙarancin jini, domin madarar shanu ba ta da sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke gina jini, sosai, ga shi ta hana shi cin abincin da ke da shi.

Ta biyu ita ce jikin wasu yara ba ya jituwa da furotin ɗin madarar shanu. A 1998 wasu likitoci a birnin Falamo na Italiya, ƙarƙashin Giuseppe Iacono, suka wallafa bincike kan yara 65 masu daɗaɗɗen taurin bayan gida da magani bai yi musu aiki ba. Da aka maye musu madarar shanu da ta waken suya, 44 suka samu sauƙi, da aka dawo da ta shanu kuma matsalar ta dawo. Wannan binciken shi ne tushen yawancin maganar da kuke ji yau. Sai dai a lura, yaran an zaɓo su ne daga waɗanda ciwonsu ya gagara, da yawansu kuma suna da wasu alamun alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu. Ba za a ɗauki wannan adadi a ɗora wa kowane yaro ba. Alamun da ke sa a zargi furotin ɗin su ne ƙuraje masu ƙaiƙayi, yawan yoyon hanci da shessheƙa, jan fata ko tsagewa a kewayen dubura mai yawan dawowa, da tarihin alaji a gida.

To nawa ya kamata ya sha a rana?

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sa iyaka daga kofi biyu zuwa uku ga ɗan wata 12 zuwa 24, wato kimanin mililita 470 zuwa 710. Daga shekara biyu, kofi biyu zuwa biyu da rabi. Ga yaro mai taurin bayan gida, ni dai ina ganin a tsaya a ƙasan ma'aunin, kada a wuce mililita 500. Ku auna na kwana uku da gaske, har da ta cikin shayi da ta daren da ake ba shi don ya yi barci. Iyaye da yawa sukan sha mamakin abin da lissafin zai nuna. A ba shi madarar bayan ya ci abinci, a kofi, a daina bulumboti.

Na rage kuma ban ga canji ba. In yanke ta gaba ɗaya?

Ana iya gwadawa, amma gwaji mai tsari. Ƙungiyoyin likitocin hanjin yara na Turai da na Arewacin Amurka, a jagorar da suka fitar tare a 2014, sun yarda da cire furotin ɗin madarar shanu na mako biyu zuwa huɗu ga yaron da matsalarsa ta ƙi jin magani. Ki fara shawartar likitansa. Sannan a cire komai: madara, yogot, cuku, man shanu, da abin da aka sa garin madara a ciki kamar biskit da wasu nau'in burodi. Karanta jikin leda ya zama dole a waɗannan makonni. Ki riƙa rubuta ranar da ya yi kashi da yadda yake.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne dawo da madarar bayan wa'adin ya cika. Idan ya samu sauƙi, aka dawo da ita, taurin ya dawo, to an kama mai laifi. Idan mako huɗu suka wuce babu bambanci, a mayar masa da madararsa, a nemi dalili a wani wuri. Hana yaro abinci mai gina jiki shekara da shekaru a kan zato zalunci ne da ake yi cikin ƙauna. Yaron da ya taɓa kumburin fuska, amai nan take ko wahalar numfashi bayan shan madara, shi kam ba a gwada dawo masa da ita a gida.

Wace madara zan ba shi a madadinta?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin duk farare ne a kofi, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 240, yana da furotin kusan giram 8 da kalsiyam kusan miligiram 300. Da wannan za a auna sauran.

Madarar waken suya wadda aka ƙara wa kalsiyam da bitamin D, marar sukari, ita ce ta fi kusa. Tana da furotin kusan giram 7 a kofi, kuma ita ce masana abincin yara na Amurka suka amince ta tsaya a gurbin ta shanu. Matsalarta ɗaya, wasu daga cikin yaran da ba sa jituwa da furotin ɗin shanu, na suya ma yakan dame su. Idan aka ga haka, akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, wadda likita ke rubutawa. Madarar da ake yi da furotin ɗin koren wake ita ma tana da furotin kwatankwacin na shanu.

Madarar hatsin ots tana da daɗi a bakin yara, amma furotin ɗinta bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Kada sunan hatsi ya ruɗe ku, yawancin harzar an tace ta. Ta almon giram ɗaya ce kacal, kusan ruwa ce mai launi, ba ta da ƙarfin da yaro mai girma yake buƙata. Ta kwakwa ma haka, maiƙo ne babu furotin. Ta shinkafa kuwa hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, saboda sinadarin asenik mai guba da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa da ruwa. Likitoci sun sha ba da rahoton yaran da suka kamu da tamowa mai kumburi da lanƙwashewar ƙashi bayan an mayar da irin waɗannan ruwaye babban abincinsu.

In za ki saya, ki duba abu uku a jikin kwalin: an ƙara kalsiyam, kusan miligiram 120 a kowace mililita 100, babu ƙarin sukari, furotin ya kai giram 3 a mililita 100. In an ƙara aidin da bitamin B12, ya fi. Ki girgiza kwalin sosai kafin ki zuba, don kalsiyam ɗin yakan kwanta a ƙasa.

Madarar akuya fa, ko wadda aka cire wa laktos?

Babu ɗayansu da ke warware wannan matsala. Furotin ɗin madarar akuya da ta tunkiya ya yi kama da na shanu ƙwarai, jikin da ya ƙi wannan yakan ƙi wancan. Laktos kuma sukarin madara ne, rashin narkar da shi ya fi kawo kumburin ciki da tusa da zawo. Madarar da aka cire mata shi tana nan da furotin ɗinta cif.

In na markaɗa waken suya ko almon na tace a gida, ya wadatar?

A matsayin abin sha lokaci-lokaci, babu laifi, muddin an dafa ta suyar ta dahu sosai. Amma ba ta da kalsiyam da bitamin D ɗin da ake ƙara wa ta kwali, don haka ba za ta rufe gurbin madara ba.

Ina tsoron ƙashinsa. Daga ina zai samu kalsiyam?

Tsoro ne mai dalili. A ma'aunin Amurka, ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar miligiram 700 a rana. Kofi biyu na madarar suya da aka inganta sun kusa biyan wannan. Sauran a nema a ƙananan kifi irin sadin da ake murƙushe ƙashinsu a ci, cukun waken suya da aka haɗa da kalsiyam, niƙaƙƙen riɗi, wake, da ganyaye irin kabeji da burokoli. Alayyafo yana da kalsiyam, amma jiki ba ya iya zuƙar mafi yawansa. Maiƙo ma abin lura ne, domin ƙwaƙwalwar ɗan ƙasa da shekara biyu tana buƙatarsa. Ƙwai, kifi, man zaitun da niƙaƙƙiyar gyaɗa da aka shafa siriri suna cike wannan.

Har yanzu yana shan nono. In yaye shi?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayarwa har shekara biyu ko fiye, kuma nonon uwa bai cika taurara kashi ba. Abin dubawa shi ne kada nonon ya hana shi cin abinci.

Wane abinci ne ke sassauta kashi?

Ku fara da 'ya'yan itacen da ke da sobitol, wani nau'in sukari da hanji ba ya tsotsewa duka, sai ya jawo ruwa cikin kashi. Busasshen fulam, ɗan itacen da Turawa ke kira prune, shi ne kan gaba, sai tuffa da fiya mai kama da tuffa. Ba fiya mai maiƙo nake nufi ba, ko da yake ita ma tana da harza sosai. Fulam biyu ko uku, a jiƙa su a ruwan ɗumi su yi laushi, a markaɗa a zuba cikin hatsin safe. Gwanda, mangwaro, kiwi da lemu da ɓargonsa duk suna taimakawa. Sai wake da adas, dankali mai zaƙi, kabewa, karas, kuɓewa, da hatsin da ba a cire masa dusa ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da likitocin yara suka daɗe suna bayarwa: shekarun yaro a ƙara biyar, shi ne mafi ƙarancin giram ɗin harza a rana. Ɗan shekara biyu, giram 7 ke nan. Birtaniya ta sa giram 15 ga 'yan shekara biyu zuwa biyar. Rabin kofi na dafaffen wake yana da kusan giram 6, tuffa matsakaiciya da ɓawonta kusan 4. Kun ga abin ba mai nisa ba ne.

A ƙara a hankali, cikin mako ɗaya ko biyu, tare da ruwa. Harza mai yawa farat ɗaya a cikin da ya riga ya cushe, kumburi da murɗa kawai za ta ƙara. Kada a barbaɗa wa ƙaramin yaro tsurar dusa a abinci, tana cika ciki kuma tana rage zuƙar ayon. A kula da shaƙewa: ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar gyaɗa ko almon guda-guda, inabi a tsaga shi gida huɗu a tsaye, ɗanyen karas da tuffa a goge su ko a dafa.

Ruwa da ruwan 'ya'yan itace fa?

Kofi ɗaya zuwa huɗu na ruwa a rana, gwargwadon zafi da abin da ya ci. Fitsari mai haske alama ce ya isa. Ɗura wa yaron da ba ya jin ƙishi ruwa ba ya ƙara laushin kashi. Ruwan fulam ko na tuffa zalla yana aiki, amma kada ya wuce mililita 120 a rana ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku. Ɗan itacen kansa ya fi ruwansa.

An ce in hana shi ayaba da shinkafa.

Ayabar da ba ta nuna ba tana iya ɗaure ciki, nunanniya mai ɗigo-ɗigo a ɓawo ba ta da laifi. Farar shinkafa, taliya da farin burodi ba guba ba ne, harza ce ba su da ita. A haɗa su da wake ko ganye. Abin da ya cancanci ragewa sosai shi ne biskit, alewa, cuku mai yawa da kayan ƙwalam na leda, waɗanda ke kashe yunwa kafin lokacin abinci.

Ba ya cin ganye ko kaɗan. Ya zan yi?

Kada teburin abinci ya zama fagen daga, ya ishe shi yaƙin da yake yi a fo. Ki sa ɗan kaɗan a gefen abin da yake so, ki ci naki a gabansa, ki yi shiru. Yaro na iya ganin abu sau goma ko fiye kafin ya kai baki. Kafin nan, ki markaɗa adas ko kabewa cikin miya, ki cakuɗa garin alkama mai dusa da fari rabi da rabi. 'Yata da ta ƙi gwanda a faranti, ta karɓe ta ranar da na yanka ƙanana na miƙa mata cokali mai yatsu ta soka da kanta.

Na gyara abinci mako biyu, har yanzu yana kuka. Ba na so ya saba da magani.

Wannan tsoron ya jawo wa yara da yawa wahalar watanni, ni ma ya riƙe ni. Idan kashi ya riga ya taru ya daskare a ƙarshen hanji, babu fulam ɗin da zai motsa shi. Sai an fitar da shi da magani, sannan a ci gaba da ƙaramin awo kullum don kashi ya zauna da laushi har hanjin da ya buɗe ya koma daidai, yaro kuma ya manta zafin. Maganin da jagorar 2014 ta sa a gaba shi ne makrogol, garin da ake damawa a ruwa, ana sayar da shi da sunaye irin Movicol da Miralax. In babu shi, laktulos. Aikinsu riƙe ruwa a cikin kashi ne, ba sa kashe hanji. Jagorar ta ce a ci gaba aƙalla wata biyu, kuma kada a fara janyewa sai yaro ya yi wata guda cur babu alama, sannan a rage sannu a hankali. Daina magani da zarar an ga sauƙi shi ne babban dalilin dawowar ciwon. Awon kuwa likita ne zai yanke.

Kada a tura sabulu ko wani abu a duburar yaro, kada a yi masa ɗurin ruwa ta ƙasa a gida, kada a ba shi maganin wankin ciki na manya ko jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba.

Yana ɓata wando da kashi mai ruwa. Wannan ai zawo ne?

Sau da yawa alamar cushewa ce mai tsanani. Sabon kashi mai ruwa ne ke zagaye daskararren ya zubo, kuma yaron ba ya jin fitarsa domin hanjin ya buɗe har jijiyoyinsa sun daina sanar da shi. Kada a yi masa faɗa, kada a ba shi maganin tsayar da zawo. A kai shi a duba cikinsa.

Yaushe ne abin ya wuce gyaran abinci, sai asibiti?

Nan take idan yana amai kore, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko yana da zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, ko jini mai yawa ko baƙin kashi na fita. A nemi likita ba da jinkiri ba idan yana ramewa ko ya daina girma, idan ƙafafunsa ba su da ƙarfi ko tafiyarsa ta canza, idan akwai rami ko tsiron gashi a ƙasan gadon bayansa, ko fitsari na yawan yi masa zafi. Ku gaya wa likita in matsalar ta faro tun makonnin farko na haihuwa, ko in kashinsa na farko ya wuce awa 48 bai fito ba, domin hakan na iya nuna cutar Hirschsprung, inda wani yanki na hanji ba shi da jijiyoyin da ke motsa shi. Ƙarancin aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid da rashin jituwa da furotin ɗin alkama su ma sukan ɓuya a bayan taurin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Zaman fo fa, in ci gaba da koya masa?

In yana cikin zafi da tsoro, a dakata. In ya nemi a sa masa kunzugu don ya yi, a sa masa, fitar kashin ta fi muhimmanci a yanzu. Da kashi ya yi laushi na wasu makonni, sai a koma. Hanji yakan motsa da kansa bayan cin abinci, don haka a zaunar da shi minti biyar, kamar minti ashirin bayan karin kumallo da bayan abincin dare. Tafin ƙafarsa ya taka wani abu, gwiwoyinsa su ɗan fi ƙugunsa tsawo. In a babban masai ne, a sa masa ƙaramar kujera a ƙarƙashin ƙafa. A ba shi balan-balan ya hura, domin hurawar na sa tsokar ciki ta tura ƙasa ba tare da ya sani ba. A yaba masa don ya zauna, ko ya yi ko bai yi ba, minti biyar na cika kuma a ɗaga shi.